Hannun da Baba Nomau Ya Miƙa

An yi wani mutum a zamanin baya, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, ana ce masa Tasi'u. Ku matso, jama'a, ku saurara. Na hango wasunku can baya da fararen kaya, daga asibiti kuka taho ko gida ba ku biya ba. To wannan labarin naku ne kafin ya zama na kowa.

Wannan bawan Allah ɗan makarantar koyon aikin jinya ne, a lokacin da in namiji ya ce zai zama nas sai an yi masa dariya a majalisa. Kawunsa Mamuda, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, tela ne a bakin kasuwa, har ya ajiye masa keken ɗinki yana jiran ya gama firamare. Ranar da Tasi'u ya faɗi abin da yake so, kawun ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yanzu duk sana'ar duniyar nan ka rasa wadda za ka yi sai kwasar kashin mutane?"

Tasi'u ya ce, "Kawu, ai dole wani ya kwasa. Ni ma ranar da aka kwantar da ni, wani ne zai kwashe nawa." Ya ɗauki akwatinsa ya tafi.

Makarantar nan ba wasa ba ce. Da safe kana aji ana zuba maka Turanci, sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi kamar tsakuwa a baki. Da hantsi kana ɗakin marasa lafiya, na gaba da kai su aike ka zubar da fo, ka dawo su ce ka sake gyara gado don zanin ya karkace. Wasu tun ranar da suka fara ganin jini suka tattara nasu ya nasu. Tasi'u bai gudu ba. Ba shi da kaifin ƙwaƙwalwa, wannan kowa ya sani, shi ma ya sani. Abin da wani zai karanta sau ɗaya ya riƙe, shi sai ya yi ta zagaye gindin darbejiya yana biyawa kamar mai hadda, har abin ya gaji ya zauna.

Amma yana da aibi guda, in har aibi za a kira shi. Gaisuwa. Yaron gidan tarbiyya ne, ba ya iya taɓa mara lafiya sai ya tambayi kwana, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, ya tambayi yadda aka baro mutanen gida da gona. Marasa lafiya suna sonsa saboda haka, amma ita ta kayar da shi. A makarantar akwai wata jarrabawa da ake yi a gaban gado. Za a ba ka mara lafiya na gaske, a ce ka wanke masa ciwo ka ɗaure, a yanka maka lokaci, malama tana tsaye da agogo a hannu. A karon farko Tasi'u ya tsaya gaisuwa da lallashi, lokaci ya cika bai ɗaura bandeji ba, ya faɗi. Dokar makarantar kuwa a fili take: wanda ya faɗi wannan jarrabawa sau biyu, ya ɗauki akwatinsa.

To ku riƙe wannan, saura masa dama ɗaya.

Ranar ta zo. Mai jarrabawar ita ce Sista Rifkatu, wata doguwar mata da ba ta dariya, ba ta kuma zalunci. Mara lafiyan da aka ba shi wani tsohon manomi ne, Baba Nomau, wanda fartanya ta sare a ƙwauri, ciwon ya zama gyambo. Likita ya riga ya ce in ya sake ruɓewa, ƙafar za a yanke. Amma a 'yan kwanakin nan jan nama ya fara fitowa, an fara sa rai. Aka haɗa Tasi'u da ɗan ajinsu Badamasi, ya tsaya masa a gefe yana miƙa abin da ake buƙata.

Bari in gaya muku yadda aikin yake a wancan zamani, don yaran yanzu ba su sani ba. Babu kayan da ake ɓarewa daga leda a yi amfani da su a jefar. Hantsaki da almakashi da 'yar tasa, duk tafasa su ake yi a tukunya a kan risho, a jera su a tire tare da auduga mai tsabta, a rufe. Kai kuma ka wanke hannu da sabulu da buroshi har gwiwar hannu, ka ɗaga su sama, kada ka taɓa komai. In ka taɓa wani abu sannan ka sa hannu a tire, to komai ya ɓaci, sai an koma tukunya. Tafasa kuwa ba ta san ana sauri ba.

Tasi'u ya shirya komai tsaf. Suka iske tsohon yana barci, Tasi'u ya ce a ransa alhamdu lillahi, yau Allah Ya raba shi da doguwar gaisuwa. Aka ja labule aka zagaye gadon. Ya wanke hannu, ya ɗaga su sama, Badamasi ya kwance tsohon bandeji ya buɗe tire. Daidai nan aka leƙo aka ce likita yana neman Sista a bakin ƙofa. Ta ce, "Ci gaba, agogo yana tafiya," ta fita.

Sai Baba Nomau ya farka. Ya buɗe ido ya ga yaron nan da ke gaishe shi kullum, fuskarsa ta washe, ya ce, "Salamu alaikum, ɗana," ya miƙo hannu.

Jama'a, ku faɗa mini gaskiya. Wane ɗan halak ne dattijo zai miƙa wa hannu ya bar shi a iska? Kafin tunanin Tasi'u ya iso, hannunsa ya riga ya tafi. Da hannu biyu ma ya karɓa, ya rusuna, ya dafa ƙirji, kamar yadda aka koya masa tun yana yaro. Sannan ya juya ya sa hannu a tire, ya kawar da auduga gefe, ya zaro hantsaki daga ƙarƙashin almakashi. Sai da ya ɗaga shi zai kai kan ciwon ya tuna. Ya dubi hannunsa, ya dubi farcen tsohon, wanda ya kwana yana sosa gefen bandeji. Ya tsaya cak.

Badamasi ya gani. Ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, ci gaba. Ba ta gani ba."

Tasi'u ya ce, "Na taɓa."

"Ni ban ga komai ba. Wallahi ko an tambaye ni ban ga komai ba. In ka koma tukunya ka san ka gama yawo, ko?"

Tsohon ya fahimci cewa shi ne ya jawo, sai hankalinsa ya tashi. Ya ce, "Ɗana, hannuna a wanke yake, na yi alwala da asuba. Yi aikinka, na yafe, ko me ya faru na yafe."

Ku duba yadda aka buɗe masa ƙofa. Aboki ya ce bai gani ba, mai ƙafar da kansa ya ce ya yafe, malama ba ta nan. Shaiɗan ma ya kawo tasa gudummawar, ya ce mai yiwuwa babu abin da zai faru, kuma ka san kawunka yana can yana jiran ka dawo ya ce ai dama ya faɗa. Tasi'u ya ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Ya ji tsoro ƙwarai, don yana son aikin nan kamar ransa. Amma ya sake duban jan naman nan da ya fara fitowa, ya ajiye hantsakin.

Sista ta ɗaga labule ta shigo. Ta ce, "Me kake jira?"

Ya ce, "Sista, kayan sun ɓaci. Na gaisa da Baba bayan na wanke hannu, kuma na sa hannun a tire."

Ta dube shi, ta dubi Badamasi, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Ka san abin da wannan yake nufi?"

"Na sani."

"Ba zan tsayar maka da agogo ba."

"Ban roƙa ba, Sista."

Ya ɗauki tire ya nufi ɗakin tafasa. Ya kunna risho, ya tsaya yana kallon ruwa, ruwa yana kallonsa. Kafin ya dawo ya sake wanke hannu ya taɓa ciwon, Sista ta rufe agogonta ta ce, "Lokaci ya cika. Ajiye, wani zai ƙarasa."

Ku ji abin da ya ce. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ajiye ba. Ya ce, "Na ji na faɗi, Sista. Amma ni na buɗe ƙafar nan, ni zan rufe ta. In an kore ni, a kore ni bayan na gama." Ya sunkuya ya wanke ciwon a tsanake, daga tsakiya zuwa gefe, ya ɗaura bandeji lafiya lau, Sista tana tsaye tana kallo. Tsohon kuwa yana ta share hawaye da bakin bargo.

Yanzu na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce Sista ta ce jarraba shi take yi, aka tafa masa, aka ba shi lambar yabo. Ba a yi haka ba. Aka kira shi ofishin shugaban makaranta, aka ce doka doka ce, ya faɗi sau biyu, ya tafi. Sista Rifkatu tana zaune a wurin, ta ce, "Yaron ya faɗi gaskiya, kuma ya faɗi jarrabawa. Duka biyun haka suke."

Tasi'u ya tsaya da hularsa a hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Dokar ta ce wanda aka kora ba zai sake neman shiga daga ajin farko ba?"

Shugaban ya ce, "Ba ta ce ba. Sai dai ba a taɓa samun wanda ya yi ba. Wa zai zubar da shekarun da ya yi ya koma zama da yara?"

Tasi'u ya ce, "To an samu."

Da ya koma gida, abin da ya ji tsoro shi ya tarar. Kawu Mamuda ya ce, "Ka ga irinta ko? Gaisuwa ta kore ka. Ga keke can, je ka zauna." A majalisa aka ce wawa ne, wasu suka ce tsoron Allahn nasa ya yi yawa. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, har ya daina fita na ɗan lokaci. Amma da aka buɗe ɗaukar sababbin ɗalibai, ya durƙusa gaban kawun ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, komawa zan yi. Hannuna ne ya yi kuskure, kuma na ga inda ya yi. Ba a kore ni don na cuci kowa ba."

Ya koma. Ya zauna a aji da sa'o'in ƙannensa, suna ce masa Yaya a gaba, suna dariya a baya. Badamasi ya wuce, ya zama babba, har shi yake aikensa zubar da fo, idonsa a ƙasa don kunya. Tasi'u ya karɓa ya zubar. Da jarrabawar gaban gado ta sake zagayowa, mara lafiyan da aka ba shi ya miƙo masa hannu, sai ya ɗaga nasa sama ya ce, "Baba, ka gafarce ni, na wanke hannu saboda ciwonka. In na gama zan gaishe ka da hannu biyu." Ya gama a kan lokaci, ya gaishe shi da hannu biyu. Ya ci. Ya zama nas a makare, ya yi aikin har ƙarfinsa ya ƙare.

Wani zai ce, Malam, da ya ci gaba a ranar nan, ƙafar Baba Nomau za ta ruɓe? Ban sani ba. Shi ma bai sani ba, kuma saboda bai sani ba ya ƙi. Ƙafar ba tasa ba ce da zai yi caca da ita.

Ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Amana ita ce abin da kake yi bayan an ja labule. Wanda alwalarsa ta karye a tsakiyar sahu, wa ya sani in ba shi da Ubangijinsa ba? Duk da haka fita yake yi ya sake, ko ana kallonsa. To haka aikinka yake, kai mai gyaran birkin mota da ka ga ƙusa ba ta ɗauru ba kuma mai motar yana sauri. Haka naki yake, ke mai abincin sayarwa da kika ji naman ya fara canza wari.

Ku kuma 'ya'yana masu fararen kaya, na san wahalar da kuke sha. Za ku faɗi jarrabawa, za a aike ku aikin da kuke jin kunyar faɗa a gida, wani ma a ce ya koma baya. In kun faɗi, ku tashi ku koma, babu abin kunya a nan. Amma ranar da malama ta fita, aboki ya ce bai gani ba, ku tuna akwai Wanda bai fita ba. Ku yarda a kore ku da hannu mai tsabta, kada ku yarda ku sami takardar shaida a kan ƙafar wani.

Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu a inda babu mai ganinmu sai Shi. Ku tashi mu yi sallah.