Takardar Shaidar Kora

An yi wani hakimi da ya ƙosa da 'yan gudun hijirar da suka sauka a garinsa. Ya kira shugabarsu Tabawa, ya ce, "Iya, ku kawo mini takardar shaida daga waɗanda suka kore ku, ko ku koma gida. Ai ƙauyenku lafiya lau yake."

Tabawa ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, adalci ya yi. Amma wa zai saurari talaka? In suka ga rawaninka, nan take za su rubuta. Raka mu."

Hakimi ya zabura. "Ni? So kike a yanka ni?"

Tabawa ta dubi magatakarda. "Malam, rubuta. Shaida ta samu."