Wanda Ya Gwada Allura a Kan Faifansa

An yi wani bawan Allah a wani gari, tun zamanin da rediyo ma sai gidan wane da wane. Sunansa Tanimu. Baƙo ne, cin rani ya kawo shi ya zauna, ya kafa 'yar rumfa a ƙofar gidan da yake haya, yana gyaran rediyo da garmaho.

Na ga samarin sahun baya suna kallon juna. Ba ku san garmaho ba ko? Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da waya. To, akwati ne, a ɗora masa baƙin faifai ya yi ta juyawa. Yana da hannu, a ƙarshen hannun akwai ɗan kai kamar ƙwallon dabino, shi ke riƙe da allura. Allurar ke bin layukan faifai tana fito da murya. In kan na kirki ne, murya ta fito tas. In mugu ne, muryar za ta fito, amma yana tafe yana kankare faifan, kuma abin da ya kankare ya tafi ke nan.

Ku saurara. Wata rana da hantsi sai ga wani direba, Sallau, rungume da garmaho, idonsa ja wur.

Ya ce, "Baba Tanimu, ka taimake ni. Iyata za ta mutu."

Tanimu ya ce, "Subhanallahi! Ai ni ba likita ba ne, ɗana."

Sallau ya yi bayani. Mahaifinsa mai bege ne, ya daɗe da rasuwa. Tun yana raye masu ɗaukar murya suka zo gari suka ɗauke shi a faifai yana begen Annabi. Ku yi masa salati! Faifai ɗaya tak, ba shi da na biyu a duniya. Iya Tabawa, uwar Sallau, ta tsufa, ido ya tafi, ba abin da ya rage mata sai muryar nan. Ranar da kan allurar ya karye, ranar ta juya fuska bango. Ko koko ba ta karɓa.

Tanimu ya zazzage gwangwaninsa, ya tsinci kai uku da za su shiga hannun garmahon. Duk na hannu ne, ba wanda ya san tarihinsu. Tsinin allura kuwa ido ba ya rarrabe mai lafiya da mai tsaga, sai an ɗora an ji. Ga wata matsala kuma: faifan Iya irin na da ne, mai kauri, layukansa daban da na sababbi. Gwaji a kan sabon faifai ba zai nuna komai ba.

Sallau ya ce, "To, a ɗora na Iya mana a gwada."

Tanimu ya ce, "In na farko mugu ne fa? Ka koma gida ka ce mata me?"

Ya tashi ya shiga cikin gida, ya fito da wani abu naɗe a tsohon zane. Matarsa Kubura ta biyo shi har zaure, ta ce a hankali, "Malam, wannan ɗin?" Ya ce, "Shi kaɗai ne irin na Iya a garin nan."

Jama'a, kun san me ke cikin zanen? Faifan waƙar manoman garinsu ne. A tsakiyar waƙar makaɗin ya ambaci mahaifin Tanimu, ya kira sunansa, ya yi masa kirarin noma. Uban ya rasu Tanimu na nesa, ko jana'iza bai samu ba. Ba hoto, ba riga, ba komai, sai wannan wuri guda da ake kiran sunan ubansa. Sallau bai san wannan ba, Tanimu kuma bai faɗa ba.

Ya ɗaura kai na farko. Murya ta fito da ƙarfi, har masu wucewa suka waiwayo. Sallau ya washe baki. "Shi ke nan! Wannan za a sa."

Tanimu ya yi maza ya ɗaga hannun garmahon, ya shafa faifan, ya nuna masa yatsa baƙi ƙirin. Ya ce, "Ka ga wannan? Ba ƙura ba ce. Muryar mutane ce ta zama gari."

Ya ɗaura na biyu. Shi ya fi kyau, sai ƙyalli yake kamar yau aka fito da shi daga kanti. Faifai bai gama zagaye biyu ba allura ta yi tsalle, ƙiiii, ta ja layi tun daga baki har cibiya.

Tanimu ya tsura wa layin ido. A nan fa Shaiɗan ya matso kusa da kunnensa: "Kai, ya isa haka. Naka ya lalace saboda mutanen da ba dangin iya ba na baba. Na ukun a gwada a kan nasu." Wa a cikinmu bai san wannan muryar ba? Ni na san ta, ku ma kun san ta. Tanimu ya ce, "A'uzu billahi," ya ɗauki na uku, wani koɗaɗɗe mara fasali, ya ɗora a kan nasa dai.

Murya ta fito a hankali, garau. Ya shafa, yatsa fes. Ya bar shi yana tafiya har ya kai tsakiya, inda ake kiran ubansa. Ba abin da ya fito sai ƙas, ƙas, ƙas. Layin nan ya ci wurin.

Sallau ya ce, "Amma Baba, ba shi da ƙarfi."

Tanimu ya share ido da hannun riga, ya ce, "Iyarka ba kasuwa za ta tara ba. Kusa da kunnenta za a ajiye. Tashi mu je."

Da kansa ya ɗauki garmahon har ɗakin tsohuwa. Ya yi bisimilla ya sauke allura. Muryar marigayi ta tashi, kai ka ce yana zaune a bakin gado. Tsohuwar da ta juya wa duniya baya ta motsa. Ta juyo. Ta dafa bango ta tashi zaune, ta ce, "Malam ne! Ku matso min da shi." Ta kama amshi da muryarta mai karkarwa, matan maƙwabta suka ji suka shigo suka karɓa, gida ya cika, wata ta rangaɗa guɗa. Faifai na tsayawa Iya Tabawa ta ce, "Sallau, wai a gidan nan an daina dama fura ne?" Allahu Akbar! Ta sha, ta miƙe, ta rayu har ta goya 'ya'yan Sallau.

Daga bakin Kubura labari ya fita, kun san abu in ya yi wa mutum daɗi da ciwo lokaci guda ba ya ɓoyuwa. Sallau ya zo rumfa ya durƙusa yana kuka. Tanimu ya ɗaga shi, ya ce, "Sunan ubana yana bakina, ina kiransa a addu'a bayan kowace salla. Ita kuwa muryar mijinta a wuri ɗaya kawai take." Tun daga ranar, duk mai abin da yake tsoron rasawa, daga garuruwa masu nisa, rumfar Tanimu yake nufa.

To, jama'a, ga darasin: abin da ba ka tabbatar da shi ba, kada ka gwada shi a kan amanar da aka ba ka. In dole sai an yi hasara kafin a gane mai kyau, mumini a kan nasa yake ɗaukarta. Kai tela, ɗinkin da ba ka iya ba, a shaddar wa kake koyo? Kai makanike, a motar wa? Kai mai kemis, maganin da kake shakka, ɗan wa ka ɗura wa? Gobe da safe wani zai miƙo maka abin da ba shi da na biyunsa, ya juya baya ya tafi don ya yarda da kai. Shi ba zai ga abin da za ka yi ba. Allah zai gani. Allah Ya sa mu zama masu riƙon amana. Ku ce amin!