Ƙusa a Gurbin Fis

Shekara shida na yi ba na gida. Da na dawo, na tarar an sare bishiyar ƙofar gida, Inna ta fara dogara sanda, shagon ɗinkin marigayi Baba kuma ya koma wurin wanki da guga a hannun Yaya. Abu ɗaya ne bai canza ba: Yaya ba ya karɓar gyara, balle daga ƙanen da ya taɓa goyawa.

Ranar da na fara shiga shagon, hancina ya jiyo ƙaurin roba. Dutsen guga huɗu na gani a jone da siririyar wayar da Baba ya ja don keken ɗinkinsa da ƙwan fitila ɗaya. Na buɗe akwatin fis, abin da ke tsinkewa ya yanke wuta idan ta yi yawa. Ƙusa na gani a gurbinsa.

"Yaya, wa ya sa wannan?"

"Ni. Kullum sai ya tsinke ana tsakiyar aiki. Tunda na sa ƙusar nan na huta."

Aikin lantarki na koya a can, don haka na ɗauko mitata na auna. Ƙarfin wutar volt ɗari biyu da ashirin ne, kowane dutse yana jan amp biyar. Na rubuta masa a bayan kwali.

"Ka ninka volt da amp, ka sami abin da dutse ɗaya ke ci: wat dubu ɗaya da ɗari. Ka raba volt da amp, ka sami turjiyarsa, wato yadda yake tare wuta: om arba'in da huɗu. Da ka jona huɗu, turjiyar ta sauko sha ɗaya, wuta ta sami hanya, amp ashirin ke bin wayar nan. Ita kuwa goma ce iyakarta."

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. "Sannu, Injiniya! Wata bakwai muna haka. Wayar ta san lissafi ne?"

"Taɓa bangon ka ji."

Ya taɓa, ya janye hannu da sauri, ya goge a riga. "Rana ce," in ji shi.

Na kai maganar wurin Inna. Ta ce, "Auta, yayanka ne, bi shi a hankali." Na bi shi a hankali kwana tara. Kullum ƙaurin na ƙaruwa, fentin bangon ya fara kumbura.

Rana ta goma, da azahar, muna cin abinci a tsakar gida, maƙwabciyarmu ta ƙwala ihu. Gobara ce ta tashi a shagon, ta cikin silin wutar ta fara. Kafin a kashe ta, ta cinye kayan mutane kaf, da keken Baba da Inna ta hana a sayar. Ba wanda ya mutu. Yaya ya ƙone hannu yana neman ciro keken.

Yanzu ina haɗa jakata. Ɗazu Yaya ya shigo, hannu a naɗe, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wannan lissafin," ya ce a hankali, "sake rubuta min kafin ka tafi."

Na rubuta, na bar masa mitar.

Darasin a nan shi ne: abin da ke tsayar maka da aiki don ya gargaɗe ka, kada ka toshe masa baki. Ka auna, ka lissafa, ka saurari wanda ya sani ko da ƙanenka ne. Daɗewar da ka yi kana kuskure lafiya ba ta mayar da shi daidai ba.