Tukwanen Cindo

Tun kafin a sari hanyar fatake ta gabas, wani maharbi mai suna Cindo ya kafa bukka a bakin wani tafki, ya kewaye kurmin wurin da alamar gatari, ya zama nasa. Kirarinsa shi ne: Cindo mai yatsa shida, kibiyarka ba ta dawowa da ƙishi. Amma da ya ga garken gwanki yana raguwa, sai ya rataye bakansa.

Ya jera tukwane bakwai a gindin tsamiya, kowace dabba da tata. Duk rani yakan zauna da hantsi, in ya ga dabbar da bai ƙirga ba, ya ɗauki tsakuwa daga inda ta tsaya ya jefa a tukunyarta. Tsofaffi sun ce har layi barewa ke yi masa. Maharban ƙasar suka matsa masa, ya yi musu alkawari: ranar da tukunyar gwanki ta cika, zai buɗe musu kurmin.

A shekara ta tara matarsa Tasalla ta rasa tukunyar dafa wa baƙi abinci. Ta ɗauki ta barewa, ta juye tsakuwar cikin ta gwanki, ta ɗora girki. Wani baƙo ya ga tukunyar gwanki maƙil, ya kai wa maharba labari. Kwana uku sai ga Sarkin Baka da maharba talatin da karnuka.

Sarkin Baka ya ce, "Cindo, alkawari. Ko tsufa ya cinye shi?"

Cindo ya daɗe yana duban tukunyar. Ya san gwankinsa ba su kai haka ba.

Tasalla ta ce, "Maigida, ni ce. Dutse dai dutse ne, miya kuwa ba ta jira."

Sarkin Baka ya ce, "Zancen mata da miji ne. Wa ya shaida?"

Cindo ya zazzage tsakuwar a faifai, ya kwara mata ruwa. Ƙura ta wanke. Gwanki a jar gaɓa yake shan ruwa, tsakuwarsa ja ce. Barewa kuwa a farin tudu take tsayawa, tata fara ce. Aka ware, ja arba'in da ɗaya kacal. Maharba suka yi ta dariya, suka cinye tuwon Tasalla ba nama, suka tafi.

Garin da aka kafa a nan shi ne Tukwane. Tsamiyar ta faɗi, masu tuna kirarin sun ƙare. Amma jikokin Cindo na ƙirga dabbobinsu duk rani, gwanki na nan, kuma duk amaryar da aka kawo gidan, tukwane biyu sababbi ake fara ba ta.