Wanda Ya Ce a Buɗe Sau Ɗaya

An yi wani mutum a garinmu na bakin teku, masunci, mai jirgi nasa na kansa. Ba zan faɗi sunansa ba, matarsa Nuala tana nan da rai, kuma kun san ta.

Duk Lahadi, da an tashi daga coci, sai ya zarce ɗakin bayan mashaya wajen karta. Wai shi gwani.

'Yan cacar nan suna da ƙa'ida. In mutum biyu suka tura duk abin da ke gabansu tsakiyar tebur, sai kowa ya baje kartarsa a fili, mai rabawa ya tambaya: sau ɗaya ko sau biyu? In an ce sau biyu, kartar ƙarshe sau biyu ake buɗe ta, kowane buɗi da rabin dukiyar, don kada mugun rabo ya kwashe mutum gaba ɗaya.

Ranar nan da la'asar suka haɗu da Malachy, yayan matarsa. Kuɗin mutumin suka kasa, ya cire makullin jirgi ya jefa tsakiyar tebur. Aka baje. Mutumin yana riƙe da karta uku masu hoton sarki. Malachy kuwa babu abin da zai cece shi sai in kartar ƙarshe ta fito bakwai.

Tsoho Fergal mai rabawa ya ce, "Sau nawa, samari?"

Malachy ya ce, "Sau biyu, suruki. Kada ƙanwata ta kwana da yunwa saboda taurin kanka."

Mutumin ya kece da dariya. "Ji matsoraci! Gwiwarka ce ke rawa, ka fake da Nuala? Sau ɗaya, tsoho, buɗe mu gani!"

Fergal ya zare kartar da ke sama ya ajiye gefe a kife, kamar yadda ake yi kullum, ya buɗe mai bi mata. Bakwai!

Mutumin ya kai hannu ya juya wadda aka kife. Biyu ce. Da ita aka buɗe, da shi ya ci.

Ya daka wa Fergal tsawa, "Ɓarawo! Ka jefar da tawa!"

Ya 'yan uwa, shekara nawa yana ganin ana kife kartar nan? Ranar da yake ci ya taɓa cewa uffan?

Ya ɗauki kwalba ya rotsa a fuskar tsoho, ido ya tsiyaye. Malachy ya taso ya riƙe shi yana cewa, "Karɓi makullinka, mahaukaci, wa ke son jirginka?" Ina! Kunne ya toshe. Mutumin ya zaro wuƙar fiɗar kifi ya luma wa Malachy a wuya. Jini ya wanke tebur, ya jiƙa kartar, ya gangara har bakin ƙofa. Kafin motar asibiti ta iso, Malachy ya cika.

Yanzu yana kurkuku. Jirgin na ruɓewa a tasha, babu mai saye. Nuala ta binne ɗan'uwa, ba ta taɓa zuwa duba miji ba.

Na ji wasu a shagon burodi suna cewa da ya yarda da sau biyu da ya tsira. Ku raba ni da wannan zance! Sana'ar da masu ita da kansu suka ƙago dabarar rage zafin faɗuwa, ai sun san ramin da suka zauna a bakinsa. Wanda ya ɗora abincin iyalinsa a kan 'yar takarda ya riga ya faɗi tun ba a buɗe ba.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mazanmu da 'ya'yanmu daga wannan tebur. Amin.