Nomau da Kwalbatin Layin Dogo

An yi wani mutum, wani bawan Allah ana ce da shi Nomau, a wani ƙauye da layin dogo ya ratsa. Ba ma'aikacin reluwe ba ne, manomi ne kawai. Gonarsa tana gangare, daidai bakin kwalbatin da ruwa ke bi ta ƙarƙashin layin.

To, ku saurara. Mutanen gangaren nan, da damina ta kankama sai su toshe kwalbatin da buhunan ƙasa, kada ruwan tudu ya kwararo musu cikin shuka. Haka suka taras ana yi, ba wanda ya taɓa tambaya.

Wata shekara aka yi ta tafka ruwa ba sassauci. Da hantsi Nomau ya hau layin, ya ga ruwa ya taru a ɗaya gefen kamar kogi, yana cin ƙasar da ke riƙe da dogo, tsakuwa na zubewa. Ga jirgin azahar yana tafe maƙil da mutane. Ga dawarsa can ƙasa ta fid da kai, abincin gidansa na shekara.

Ya sauka ya kama buhu. Maƙwabcinsa Cindo ya hango shi.

"Kai Nomau, aljanu ne suka shafe ka? Gonarka ce fa a baki!"

"Na sani, Yaya."

"Jirgin na ubanka ne? Ka taɓa ko shigarsa?"

"Ban taɓa ba. Kama mini wannan, ya yi nauyi."

Cindo bai kama ba. Nomau ya yi ta janye buhunan shi kaɗai har ruwa ya ɓalle, ya kwantar da dawar nan yana ji yana gani. Jirgi ya zo ya wuce lafiya lau. Wata mata ma ta tofo tuƙar rake ta taga. Ba wanda ya dube shi.

Na san abin da kuke jira, in ce daga baya ya yi arziki. Bai yi ba. Da rogo da tafasa matarsa Tabawa ta riƙe gidan a shekarar, ta kuma gaya masa magana son ranta, ya haɗiye.

Yau masana suna ta auna ruwa da ƙarfin gadoji, Allah ya dafa musu. Amma kada a ce mini kowace ambaliya ƙaddara ce tsagwaronta. Wata da hannunmu muka tare mata hanya. Mutumin kirki shi ne mai ɗaukar asara don ran wanda bai sani ba, bai kuma tsaya jiran godiya ba. Ke da kai, in kun koma gida ku leƙa magudanar ƙofarku. Ruwan da kuka kore daga zaurenku, ɗakin wa yake shiga?