Jinin da Cindo Bai Share Ba

Tun kafin a yi wa garuruwan wannan yanki ganuwa, fari ya auka wa ƙasar arewa shekara uku a jere, har rijiyoyi suka ƙafe ƙaf. Mutanen gida arba'in suka kwashi 'ya'yansu da 'yan awakin da suka rage, suka bi wani maharbi mai suna Barmo, suka yi kudu neman ruwa. Barmo dogo ne, mai faɗin ƙirji, in ya yi magana sai ka ce ganga. Shi ake wa kirari har gobe: "Barmo gagara-dawa, na gaba mai buɗe hanya, kibiya ɗaya nama ya faɗi." Wannan ta ƙarshe gishirin maroƙa ce, don kibiya uku ya harba, amma za mu zo wurin.

Cikin ayarin akwai wani dattijo, Cindo, mai yatsu shida a hannun hagu, mai ɗingishi, marar yawan magana. Shi ke dafa wa Barmo dafin kibiya tun Barmo bai fitar da gemu ba. Bai taɓa kashe ko zomo ba, kuma ba wanda ya taɓa yi masa kirari.

Bayan tafiyar kwana goma sha tara suka iso gindin wani tsauni, suka tarar da tafki wanda bai ƙafe ba. Sai dai tafkin yana da mai shi. Wata baƙar ɓauna ce, wadda aka ce tsuntsu ba ya sauka inda ta kwanta, kuma ciyawa ba ta sake tsira inda ta taka. Mutum biyu da ƙishirwa ta sa suka yi garaje, a bakin ruwan ta tattake su. Jama'a suka ja da baya suka yi zango a nesa, suna hango ruwa suna tauna saiwa.

Sau biyu Barmo ya fita, sau biyu ya harba, ɓauna ta kaɗe kibiyar ta ci gaba da kiwo. Ranar fita ta biyu aka binne yara uku da ƙishirwa ta kashe. Da iyayen suka taru suna kallonsa, Barmo ya juya ya nuna Cindo.

"Hannuna bai yi kuskure ba. Dafin wannan tsohon ne ya zama ruwa."

Da hantsi Cindo ya ɗingisa ya bi sawun maharbin, ya tsinci kibiyoyin biyu cikin ciyawa, bakinsu ko jini bai taɓa ba. Ya ga inda Barmo ya laɓe bayan wata tsamiya, taku sittin daga ruwa. Daga nan kibiya ba ta huda fatar ɓauna, kowane maharbi ya san haka. Sai ya gane ba dafi ne ya mutu ba, zuciyar Barmo ce ta karaya. Da ya dawo ya faɗa wa matarsa Tabawa, ita kaɗai.

"To ka tona shi mana, Maigida. Sunanka ya ɓata a bainar jama'a."

"In na tona shi, wa zai ja baka? Ni, da wannan ƙafar?"

Washegari ya haɗa sabon dafi da 'ya'yan kwankwani, wannan itace mai kashe zuciya, ya dafa shi a kasko da rana tsaka. Masu dafi suna da yadda suke gwaji. Mutum zai tsaga hannunsa kusa da gwiwar hannu, ya bar jini ya gangaro zuwa tsintsiyar hannu, sannan ya taɓa dafin a ƙarshen jinin. In dafin na ƙwarai ne, jinin zai yi baƙi yana hawa sama, sai a yi maza a share da ganye kafin ya kai ga tsagar. Cindo ya yi wannan ya fi sau ɗari.

Ya kira Barmo da dattawa. Ya sa aska, jini ya gangaro, ya taɓa dafi. Baƙin ya soma hawa. Tabawa na tsaye da ganye a hannu.

Barmo ya taɓe baki ya ce, "Wancan ma haka ya yi baƙi. Baƙi ba kisa ba ne."

Cindo ya ɗaga kai ya dube shi. Ya san ko dafi goma zai dafa, mutumin nan ba zai matsa kusa da ɓauna ba sai ya ga kisa da idonsa. Tabawa ta miƙo ganye, ya riƙe hannunta ya danne. Tana kallo baƙin ya haye, ya shige tsagar.

Ya zauna a hankali, ya yafito Barmo, ya yi magana can ƙasa yadda daga shi sai Tabawa suka ji.

"Sarkin Baka, ka ga aikinsa. Ka matsa har taku goma. Kada ka sake tsayawa bayan tsamiyar nan."

Kafin inuwa ta gusa tafin hannu, Cindo ya cika.

Barmo ya ɗauki kibiya ya tsoma a kaskon, ya tafi fuskarsa jiƙe da hawaye. Ya wuce tsamiya, ya matsa har yana jin hucin ɓauna, ya saki. Ta yi taku bakwai ta kife. Kafin la'asar yara sun sha ruwa. A nan aka kafa garin da ake kira Tsaunin Barmo, kuma jikokinsa ke sarauta har yanzu. Bai taɓa faɗin abin da Cindo ya gaya masa ba. Tabawa ce ta faɗa wa 'ya'yanta mata a bakin turmi, su kuma suka faɗa wa nasu, har ya iso kunnena ta bakin kakata. Ni dai duk sanda na tuna da ganyen nan a hannun Tabawa, zuciyata sai ta yi nauyi.

Kowace kaka, bayan an kai hatsi rumbu, maroƙi kan tsaya bakin tafkin ya ba da labarin Barmo, tun daga haihuwarsa har zuwa sarautarsa. Yana kirari mutane na cinikin gyaɗa, mata na hirarsu, yara na guje-guje. Jarumin ba ya kuskure, ba ya tsoro, don haka ba wanda ya ga kansa a cikinsa. Rabon Cindo a labarin bai fi magana uku ba: ya dafa dafi, ya gwada, ya mutu.

Amma da maroƙi ya ambaci sunan, wurin sai ya yi tsit. Babba da yaro, har jikokin Barmo da ke zaune bisa shimfiɗa, kowa ya ɗora tafin damansa a gwiwar hannun hagu, ya shafo ƙasa zuwa tsintsiya. Baƙo in ya tambayi dalili, sai a ce masa: muna share masa ne, don shi bai share ba.